Sera 'Yar Ashiru, Tsohuwar Da Ta San Kabarin Annabi Yusufu



A cikin littattafan addini akwai shafuffukan da mai karatu yakan ƙosa ya isa gare su, akwai kuma waɗanda yakan tsallake in ya ga ba mai kallonsa. Jerin sunayen zuriya, watau wane ya haifi wane, shi kuma ya haifi wane, yana cikin kashi na biyu. Ni kaina sa'ad da nake ɗalibi, ranar da aka ba mu karatun babi na 46 na littafin Farawa, watau littafi na farko cikin biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa, wanda Kirista ma ke karantawa a farkon Littafi Mai Tsarki, da ido kawai na bi sunayen, zuciyata tana wani wuri. Sai daga baya na gane cewa na wuce ta kan wata mace wadda malamai suka yi ƙarni bisa ƙarni suna magana a kanta. Sunanta Sera, 'yar Ashiru, jikar Annabi Yakubu. Kada a haɗa ta da Saratu matar Annabi Ibrahim, gama a Ibrananci sunan nata yana ƙarewa ne da harafin nan na maƙogwaro irin na ƙarshen sunan Nuhu a bakin Balarabe.

Babin nan yana lissafa mutanen gidan Annabi Yakubu waɗanda suka bar ƙasar Kan'ana suka gangara Masar a shekarun yunwa, bayan da Annabi Yusufu ya aika a ɗauko su. An kasa su bisa ga iyayensu mata. Zuriyar Lai'atu mutum 33, ta Zilfa 16, ta Rahila 14, ta Bilha 7, jimla 70. Ashiru ɗan Zilfa ne, kuyangar Lai'atu, saboda haka ko a cikin gidan ba ya cikin 'ya'yan gaban goshi. An ambaci 'ya'yansa maza huɗu, Yimna da Yishwa da Yishwi da Beriya, sa'an nan aka ce da 'yar'uwarsu Sera. Shi ke nan. Ba a faɗi mijinta ba, ba a faɗi ɗanta ba, ba a ce ta yi wani abu ko ta ce wani abu ba. A cikin mutum 70 ɗin nan mata biyu kaɗai aka ƙirga da suna. Ɗaya Dinatu ce 'yar Annabi Yakubu, wadda ke da dogon labari nata a babi na 34. Ɗayar kuwa ita ce wannan da ba ta da labari ko kaɗan. Kowa ya sani ba zai yiwu a ce gida mai 'ya'ya maza 12 da jikoki fiye da 50 ya zamana jika mace ɗaya tak aka haifa a cikinsa ba. To, me ya sa aka tsame ta aka rubuta?

Da a nan sunan ya tsaya, da watakila an manta da shi. Amma sai ga shi ya sake ɓullowa a wurin da ba a zata ba. A babi na 26 na littafin Ƙidaya, bayan fita daga Masar da shekara 40 na yawo cikin hamada, Annabi Musa ya ƙidaya jama'a a filayen Mowab, gab da Kogin Urdun, daura da Yariko. Ƙidayar ta mayaƙa ce, maza daga shekara 20 zuwa sama, kuma bisa gare ta za a raba ƙasa. An sami mutum 601,730, kabilar Ashiru tana da 53,400 daga ciki. Ana tsakiyar lissafa dangogin Ashiru sai marubucin ya dakata ya ce Ashiru yana da 'ya mai suna Sera, kana ya ci gaba da lissafinsa. Ɗan'uwanta Yishwa ya ɓace daga jerin ɗungum, ita kuwa tana nan. Sauran matan da aka ambata a babin kowace da dalilinta a fili. 'Ya'yan Zelofehad su biyar suna da ƙarar gādo da za a saurara a babi na gaba, Yokebed da Maryamu kuwa uwa ce da 'yar'uwar Annabi Musa. Sera ce kaɗai ta shigo ba tare da an faɗi abin da ya kawo ta ba. Ambato na uku, wanda shi ne na ƙarshe, yana cikin littafin Tarihi na farko, babi na 7, inda aka maimaita jerin Farawa.

Malaman Yahudawa na dā suna da wata ƙa'ida ta karatu, cewa babu kalma ɗaya a Attaura da aka sa a banza. Bahaushe zai ce ruwa ba ya tsami banza. Saboda haka suka tsaya a kan sunan nan. Shahararren mai tafsirinsu Rashi, wanda ya rasu a garin Troyes na Faransa a 1105, ya ba da amsa a taƙaice, ya ce an ƙirga ta a karo na biyu ne domin har a lokacin tana da rai. Ku duba nauyin maganar. Littafin Fitowa ya ce zaman Masar shekara 430 ne, lissafin malaman kuwa ya mai da shi 210. Ko da an ɗauki ƙaramin adadin aka ƙara 40 na hamada, matar ta haura shekara 250 ke nan. Wani malamin, Musa ɗan Nahman, wanda aka haifa a Girona ta ƙasar Sifen a 1194, ya bi wata hanya mai sanyi. A ganinsa Sera agola ce a gidan Ashiru, 'yar matarsa daga mijin farko wanda ya mutu bai bar ɗa namiji ba, don haka ita ta ci gādonsa, zuriyarta kuma suna da rabo a ƙasar da za a raba. Wannan bayani ya fi kwanciya a hankali, amma na Rashi ne ya kama zukatan jama'a, domin shi ne ya ɗauko abin da aka daɗe ana faɗa a makarantu tun ɗaruruwan shekaru kafin zamaninsa.

Masana tarihi na jami'o'i suna da nasu ra'ayin, kuma ya kamata a ji shi. Galibinsu suna ɗaukar irin waɗannan jerin sunaye a matsayin taswirar dangogi da garuruwa wadda aka zuba cikin siffar iyali. Dangin da ya yi ƙarfi sai a ce shi ne ɗan fari, wanda ya shigo daga baya ko ya raɓu da wani sai a ce ɗan kuyanga ne, ko 'ya mace. Wanda ya san labarin Bayajida, inda Kano da Rano da Katsina da Gobir suka zama 'yan'uwan juna, ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba. Bisa wannan karatu, mai yiwuwa Sera sunan wani dangi ne ko wani gari a yankin Ashiru, watau yammacin Galili, gaɓar teku daga Dutsen Karmel zuwa wajen Taya, ƙasar man zaitun. Ni ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai bayanin yana gaya mana yadda sunan ya shiga littafi ne kurum. Abin da mutane suka yi da sunan bayan ya shiga, wannan wani zance ne dabam, kuma shi ne ya fi daɗin ji.

Suna da wani irin tafsiri da suke kira midrash, wanda ke cike giɓin da nassi ya bari da labari. Giɓi na farko da suka sa Sera a ciki shi ne na bushara. Farawa ta ce da 'ya'yan Annabi Yakubu suka dawo daga Masar suka gaya masa Yusufu yana da rai, har shi ne mai mulkin ƙasar, zuciyar tsohon ta sandare, bai gaskata su ba, sai da ya ga kekunan da aka aiko don ɗaukarsa. Masu ba da labari suka yi tambayar da duk wanda ya taɓa kai wa tsoho babban labari zai yi. Yaya za a gaya wa mutum mai shekara 130, wanda ya yi shekara 22 yana makokin ɗansa, cewa ɗan yana nan, ba tare da murna ta kashe shi ba? Kuma da wane baki waɗanda suka kawo masa riga da jini za su faɗa? Wani littafi mai suna Sefer ha-Yashar, wanda aka buga a Benis a 1625, ya ce 'yan'uwan sun gamu da yarinyar a hanya kusa da gida, suka ba ta garaya, suka ce ta je ta zauna kusa da kakanta ta yi ta kaɗawa a hankali, tana saka maganar cikin waƙa. Ta yi ta maimaitawa, labarin yana shiga kunnen tsohon kaɗan kaɗan kamar yayyafi a busasshiyar ƙasa, har ya jiƙu bai sani ba. Da ya tabbata gaskiya ne sai ya sa mata albarka cewa mutuwa ba za ta yi iko da ita ba, tun da ta rayar da ruhunsa. Wata ruwayar daga Yahudawan Yaman ta ce ta jira har ya tsaya addu'a, sa'an nan ta faɗa masa cikin sigar tambaya, don ya ji ba tare da ya iya zabura ba.

Musulmi masu saurarona sun san Alƙur'ani ya kawo wannan lokaci ta wata fuska. A Suratu Yusuf tsohon ya ji ƙamshin ɗansa tun ayari bai iso ba, kana mai bushara ya jefa rigar a fuskarsa ganinsa ya dawo, masu tafsiri da yawa kuwa sun ce Yahuza ne, wanda ya kai rigar farko. Babu yarinya da garaya a can. Na kawo wannan ne don kada wani ya cuɗa ruwayoyin biyu.

Giɓi na biyu ya fi zurfi. Zuriyar Yakubu sun zama bayi a Masar, tsara ta shuɗe, wata ta zo, babu sauran wanda ya ga kakanni. Kwatsam sai ga wani mutum daga Madayana, wanda ya tashi a gidan Fir'auna, yana cewa Allahn kakanninsu ya aiko shi. Da me za su gane gaskiyarsa? Littafin Pirkei de-Rabbi Eliezer, a babi na 48, ya ce akwai wata kalmar sirri da aka riƙa miƙawa daga Ibrahim zuwa Ishaku, zuwa Yakubu, zuwa Yusufu, shi kuma ya gaya wa 'yan'uwansa, Ashiru ya damƙa wa 'yarsa. Dattawa suka tafi wurin tsohuwar suka ce wani ya zo ya yi al'ajabai kaza da kaza a gabansu. Ta ce waɗannan ba komai ba ne. Sai suka ce ya kuma faɗi wata magana, suka maimaita mata, ita ce kalmar nan da Yusufu ya furta sau biyu a jere a bakin mutuwarsa sa'ad da yake yi musu alkawarin cewa Allah zai waiwaye su. Nan take ta ce shi ne mutumin, haka ta ji daga bakin mahaifinta. Sa'an nan jama'a suka ba da gaskiya.

Abu biyu ne suka ja hankalina a nan. Na ɗaya, sanda ta zama maciji ba ta burge tsohuwar ba, gama masu sihirin Masar ma suna yin irin wannan. Abin da ta nema shi ne maganar baƙon ta dace da abin da aka bar mata amana. Watau isnadi ta bincika, in mun ari kalmar malaman hadisi. Na biyu kuwa ya shafi harshe. Tushen kalmar sirrin a Ibrananci haruffa uku ne, p da q da d, kuma yana ɗauke da ma'anar waiwayar mutum da kula da shi, har ila yau yana ɗauke da ma'anar ƙidaya. Da wannan tushe aka yi amfani wajen ƙirga mayaƙan nan 601,730, har malaman dā suna kiran littafin Ƙidaya da sunan da aka ciro daga gare shi. Ashe matar da ta ɓullo ba dalili a cikin ƙidaya ita aka ba ajiyar kalmar da ke nufin ƙidaya da tunawa gaba ɗaya.

Yanzu mu zo ga labarin da ya fi kowanne yaɗuwa. Annabi Yusufu ya rasu yana da shekara 110, aka shafe gawarsa da magungunan hana ruɓa irin na Masarawa, aka sa a akwati. Kafin ya cika ya rantsar da danginsa cewa ranar da za su bar Masar za su tafi da ƙasusuwansa. Littafin Fitowa ya ce Annabi Musa ya cika wannan alkawari, littafin Joshuwa kuma ya ce an binne su a Shekem, kusa da garin Nablus na yanzu. Amma ta yaya Musa ya san inda akwatin yake bayan ɗaruruwan shekaru? Talmud na Babila, a sashen da ake kira Sota, ya ce a daren fita, sa'ad da kowa ya duƙufa wajen tara zinariya da azurfar Masarawa, shi Musa yana yawon neman kabari. Aka ce masa Sera ce kaɗai ta rage daga wancan zamani. Ta gaya masa Masarawa sun ƙera akwatin ƙarfe sun nutsar da shi a Kogin Nilu don ruwan ya yi albarka. Musa ya tsaya a bakin kogi ya kira Yusufu, ya ce lokacin alkawari ya yi, in zai fito ya fito, in kuwa ba haka ba sun kuɓuta daga rantsuwa. Akwatin ƙarfe ya taso kan ruwa. A wurin dai an kawo ra'ayin wani malami da ya ce a maƙabartar sarakuna aka ajiye shi, gama littafin ba ya ɓoye saɓanin malamansa.

Na tabbata waɗansunku a Makka da Omdurman da Kumasi sun riga sun ce, af, ai mun san wannan tsohuwa. Gaskiyarku. Akwai hadisi daga Abu Musal Ash'ari, wanda Ibn Hibban da Abu Ya'ala da Hakim suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sauka wurin wani Balaraben ƙauye wanda ya karrama shi. Daga baya mutumin ya zo, aka ce ya roƙi bukatarsa, sai ya roƙi taguwar hawa da awakin tatsa. Annabi ya nuna mamakin ƙanƙantar roƙon, ya tambaya ko sun kasa zama kamar tsohuwar Bani Isra'ila. Da sahabbai suka nemi bayani sai ya ba su labari. Musa ya fita da jama'arsa suka ɓata hanya, malamansu suka tuna masa alkawarin da Yusufu ya ɗauka daga gare su. Ba wanda ya san kabarin sai wata tsohuwa. Aka kira ta, ta ce ba za ta nuna ba sai an ba ta abin da ta yanka, abin da ta yanka kuwa shi ne ta kasance tare da Musa a Aljanna. Abin ya yi wa Musa nauyi, sai aka yi masa wahayi ya ba ta. Ta kai su wani tafki, ta sa aka kwashe ruwan, aka haƙa, aka fito da shi, hanya ta haskaka musu kamar rana.

Hadisin bai ambaci sunanta ba, kuma malamai sun saɓa a kan matsayinsa. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya kawo shi a tafsirin Suratush Shu'ara ya ce baƙo ne ƙwarai, ya fi kusa da zama maganar sahabi. Albani, wanda ya rasu a 1999, ya inganta shi, ya kuma amsa wa masu cewa ƙasa ba ta cin jikin annabawa da cewa Larabawa sukan ce ƙasusuwa suna nufin jiki duka. Ba aikina ba ne in raba gardamar malamai a gidan rediyo. Abin da nake so ku lura da shi shi ne yadda ruwayoyin biyu suka haɗu, da inda suka rabu. A duka biyun akwai tsohuwa, da ruwa, da alkawarin da ya tsare hanya, da Aljanna a ƙarshe. Amma a wurin Yahudawa kyauta aka yi mata tana yarinya, har wani ƙaramin littafinsu, Derek Eres Zuta, ya sa ta cikin mutum 9 da suka shiga Aljanna da ransu, tare da Anuhu wanda masu tafsiri da yawa ke cewa shi ne Annabi Idirisu, da Annabi Iliyasu, da 'yar Fir'auna wadda ta tsamo Musa daga kogi, da Ebed-melek mutumin Kush. A hadisin kuwa ita ta yi ciniki da bakinta, ta san darajar abin da ke hannunta, ba ta sayar da shi a kan raƙumi da awaki ba.

Da zarar an yarda mutum ba ya mutuwa, ai sai a riƙa ganinsa ko'ina. Akwai wani ɗan labari da nake so ƙwarai a littafin Pesikta de-Rab Kahana. Babban malamin Tibariya, Yohanan, wanda ya yi zamani a ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, yana zaune yana karantar da almajirai yadda ruwan teku ya tsaya kamar bango ga Bani Isra'ila. Ya ce ruwan ya zama kamar raga. Sai ga Sera ta leƙo ta ce a'a, tana wurin aka yi, ruwan kamar tagogi masu sheƙi yake. Malaman da kansu suka rubuta wannan suka adana, labarin da tsohuwa ta gyara wa shugabansu karatu a gaban ɗalibansa. Mutanen da ke iya yi wa kansu irin wannan dariya sun san iyakar ilmin littafi.

Ba duka labaranta ne masu daɗi ba. A littafin Sama'ila na biyu, babi na 20, wani mai suna Sheba ɗan Bikri ya tayar wa Annabi Dawuda, ya gudu ya shiga garin Abel-bet-ma'aka a can arewa. Sarkin yaƙi Yowab ya kewaye garin ya fara rushe ganuwa. Wata mace mai hikima, wadda nassi bai faɗi sunanta ba, ta yi kira daga kan ganuwa, ta tuhume shi da neman hallaka gari mai daɗaɗɗen suna wajen sulhu. Yowab ya ce mutum ɗaya yake nema. Ta koma ta shawo kan mutanen gari, aka sare kan Sheba aka jefa masa, ya busa ƙaho ya janye. Littafin Bereshit Rabba ya ce Sera ce, ko da yake hakan na nufin ta haura shekara 600. Har ya ƙara da yadda ta bi da jama'arta. Ta ce musu Yowab mutum 1,000 yake so, ta yi kamar ta koma roƙo ta dawo ta ce ya rage zuwa 500, sa'an nan 100, sa'an nan 10, daga ƙarshe ta ce ɗaya ne, shi ma baƙo.

Dabara ce, amma ni ba na iya karanta wurin nan ba tare da jikina ya yi sanyi ba, malaman ma haka. A kan wannan labari suka gina ɗaya daga cikin mas'alolinsu mafi wuya. In maƙiya suka ce a ba su mutum ɗaya su kashe, in ba haka ba su kashe kowa, me za a yi? Suka ce in ba a ambaci kowa ba, to, kowa ya mutu, kada a zaɓi rai a miƙa. In an ambaci mutum da suna kamar yadda aka ambaci Sheba, nan ne saɓani ya shigo. Yohanan ɗin nan ya ce a miƙa shi, abokin karatunsa Resh Lakish ya ce sai in ya riga ya cancanci kisa da laifinsa. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bi ra'ayi na biyu. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, a unguwannin da 'yan Nazi suka killace Yahudawa a gabashin Turai, aka riƙa umartar shugabannin al'umma su kawo jerin sunayen waɗanda za a kwasa. Tambayar ta fito daga littafi ta tsaya a ƙofar gida, kuma ga wannan hukunci ne malamai suka koma suna neman abin da za su ce.

Kirista ba su da labarin Sera bayan ambato ukun nan, amma kabilarta ta ba su wata tsohuwa tasu. Linjilar Luka, babi na 2, ta kawo Hannatu 'yar Fanuyila, daga kabilar Ashiru, gwauruwa mai yawan shekaru, wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Da aka kawo jariri Isa sai ta gane shi, ta shiga ba da labarinsa ga masu jiran fansar Urushalima. A Sabon Alkawari duka ita kaɗai ce aka ambata da suna aka danganta ga wannan kabila. Waɗansu masana sun lura da kamannin, tsohuwa 'yar Ashiru da ke shaida wa jama'a cewa wanda ake jira ya iso. Luka dai bai ambaci Sera ba.

Wanda ke son ganin inda labarin ya sauka a ƙasa sai ya nufi Iran. Kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da birnin Isfahan akwai wani gari, Pir Bakran, wanda ya ci sunan wani shehin Sufaye, Muhammadu ɗan Bakran, da ya rasu a 1303, hubbarensa yana nan har yanzu. Ba nisa da shi akwai tsohuwar maƙabartar Yahudawan Isfahan, da wurin ziyara mai sunan Sera 'yar Ashiru, wanda maƙwabta Musulmi ke kira Sara Khatun. Mai sauraro zai ce, yaya matar da aka ce ba ta mutu ba za ta sami hubbare? Mutanen wurin ma bakinsu bai zama ɗaya ba. Waɗansu sun ce a nan ajali ya cim mata daga ƙarshe, cikin wata gobara da ta kama majami'a, waɗansu kuwa sun ce nan ne kawai aka yi mata ganin ƙarshe. Yawan Yahudawan Iran ya ragu ƙwarai bayan 1948, ya sake raguwa bayan 1979, zuriyar masu ziyarar dā da yawa yanzu suna Isra'ila da Amurka. Waɗanda suka rage a Isfahan sukan je wurin gab da bukukuwansu na sabuwar shekara, wajen watan Satumba, su kunna kyandir, su yi addu'a, su kewaya kaburburan iyayensu suna karanta sunayen da ke kan duwatsu.